Sulhun Bankuna da Shanu Arba'in

Ran kasuwar Gure ina zaune a gindin gawo, sai na ji wani falken shanu yana hira da wani baƙo mai raƙuma.

"Malam, ka ce takardar banki aka ba ka a Kano maimakon kuɗi?" in ji baƙon.

"Ita fa. Na kawo ta Damagaram, Nasaran kanti ya canza mini, na sa a aljihu. Yanzu bankin Ingilishi ya ce sa hannun ba daidai ba ne, na Faransi, inda Nasaran ya kai ta, ya ce daidai ne."

"To, sai gaban alƙali."

"Wanne? Na Kano ya ce ba ƙasarsa ba ce, kumandan mai mulkin Damagaram ma ya ce ba ruwansa. Sai bankunan suka ɗauko wani tsohon Nasara ya sasanta su a ɗaki, ƙofa rufe."

"Haba ɗan'uwa, wannan ba shari'a ba ce. Shari'a a fili ake yin ta, a kira shaidu."

"Allah ya tsare! A kira ni, a tambaye ni ta ina shanu arba'in suka ƙetare iyaka 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito ba su gani ba?"

Baƙon ya rage murya. "Ta tsohuwar rijiyar nan ta bayan tudu?"

"Au, ka san ta?"

"Raƙumana sun fi ni saninta. Allah ya ja da ran tsohon Nasara."