An Auna Ni a Tsaye

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya riƙe numfashina har na ga wannan rana. Salamarsa ta zauna tare da ku, manya da yara.

Sunana Yohanna, amma a ƙauyenmu, can tsakanin Kura da Bunkure, in ba ka ce Dogo ba, ba wanda zai nuna maka gidana. Noman rani ne sana'ata. A gidan tsafi na tashi, mu ne ake kira Maguzawa. Sai da furfura ta fara fito mini na karɓi Yesu, ta hannun Malam Dauda mai bishara, wanda ikilisiya ta aiko ya zauna a cikinmu. Shi ne kuma yake koya mana karatu a ajin manya. Ku yi haƙuri da ni, a hankali nake magana.

Ina saurayi aka kawo mana ruwan kanal. A cikinsa muke wanka, a cikinsa muke yini muna ban ruwan shinkafa da tumatur. Tun a lokacin na fara ganin jini a ƙarshen fitsarina. Ban damu ba, domin duk sa'o'ina haka suke. Manya ma dariya suke yi, su ce yaro ya zama namiji. Tsargiya ake ce mata, kuma ba mu ɗauke ta ciwo ba.

Amma da girma ya zo, sai abin ya canza fuska. Jinin ya ƙaru. In zan yi fitsari, sai na dafa bango saboda zafi. Marata ta yi nauyi kamar an ɗaura mini dutse. Ni da nake ɗaukar kwandon tumatur in ɗora a mota ni kaɗai, sai ga shi in na yi kunya ɗaya da fartanya, sai na zauna ina haki. Tafin hannuna ya yi fari fat.

Na san wannan hanya, 'yan'uwa. Ita mahaifinmu ya bi. Haka ya yi ta zubar da jini yana ramewa har ya kwanta bai tashi ba.

Kun san al'adarmu. In mutum ya mutu, akan samo karan dawa mai tsawo, a shimfiɗa shi a gefen gawa, a karya daidai tsawonta, a kai wa masu haƙa kabari. Ranar da Baba ya rasu, ni aka ba karan. Ni na aza shi daga tafin ƙafarsa zuwa kansa, ni na karya. Har yau in na ji an karya kara, sai tsikar jikina ta tashi. Shi ya sa a wurinmu ba a auna mai rai. Ko yara ne suke wasa, wani ya ɗauki kara zai gwada tsawon ɗan'uwansa, uwa za ta fito da gudu ta make hannunsa ta ce, "Kana kira masa mutuwa ne?"

Yayana Barau shi ne ya gaji tsafin gidanmu. Ba mugu ba ne, yana ƙaunata. Wata rana ya same ni a zaune a gindin darbejiya, ya daɗe yana kallon ƙafafuna, sannan ya ce, "Dogo, tun da ka bar yanka wa na gida jan zakara jikinka bai ƙara daɗi ba. Jinin da ka hana su, shi suke karɓa a jikinka. Ka dawo, ni zan roƙa maka."

Na ce, "Yaya, na riga na ba da kaina ga Yesu."

Ya ce, "To, ya tsayar da jinin mu gani."

Bakina ya ce na ba da gaskiya, amma zuciyata ba ta natsu ba. In ina addu'a, sai in ji maganar Barau ta fi tawa ƙarfi.

Bayan an gama girbin dawa, na shiga gidansa aron igiya. Da na ɗaga kai, sai na ga wani dogon kara miƙaƙƙe an soke shi a rufin zaure, shi kaɗai, an feƙe ganyensa tas. Na ce, "Yaya, wannan fa?" Ya kau da kai ya ce, "Ajiya ce." Ban ƙara tambaya ba. In rani ya yi nisa, dogayen kara sukan ƙare a danga da murhu, kuma a gidanmu kaf, mutum ɗaya ne zai buƙaci kara mai wannan tsawo.

Wayyo, 'yan'uwa! Na fito daga zauren nan ban san inda na jefa igiyar ba. Daga ranar, duk inda na juya karan nake gani. Ina cin tuwo ina ganinsa. Ina cikin sujada ana waƙa, ni ina ganinsa. Na daina bin ƙofar gidan Barau, sai in zagaya ta bayan rumbuna.

Ana cikin haka Malam Dauda ya yi sanarwa a majami'a cewa masu aikin lafiya na mishan za su zo su duba masu tsargiya, su ba da magani kyauta, ga Kirista da Musulmi da masu gargajiya, ba a ware kowa ba. A shekarun nan kuwa ana ta raɗe-raɗi a kan maganin kyauta, wasu na cewa yana hana haihuwa, wasu na cewa yana kashe mutum a hankali. Duk da haka na ce zan je. Me ya rage mini?

Ranar da suka zo, da hantsi, jama'a ta taru a ƙofar majami'a. Har maƙwabcina a gona, Malam Sani, ya zo da iyalinsa. Musulmi ne, kuma shekara da shekaru muna karɓa-karɓar ruwa ni da shi ba mu taɓa faɗa ba. Shugabar masu aikin wata mata ce gajera mai fara'a, ana kiranta Malama Rifkatu. Ta yi mana bayani cewa ciwon daga wata ƙaramar tsutsa ne da take fitowa daga dodon koɗin da ke cikin kanal, ta shiga ta fatar mutum. Ta sa aka dama kunu, ta ce ba a shan maganin da yunwa. Duk muna gyaɗa kai.

Sai ta je bayan mota ta jawo wata doguwar sanda.

Ta kafa ta a jikin bango ta ce, "Kowa zai zo ya tsaya a nan in auna tsawonsa. Tsawonka shi zai nuna ƙwaya nawa za ka sha."

Wata tsohuwa ta ja jikokinta ta rufe su da zane. Na ji wani a bayana yana cewa, "Kun gani ko? Tun kafin su ba ka, sun auna raminka." Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Malama Rifkatu ta rasa abin da ya faru. Ita 'yar birni ce, ba ta san abin da ta ɗaga a gabanmu ba. Ta waiga, idonta ya faɗa kaina domin na fi kowa tsawo, ta yi murmushi ta ce, "Baba, zo mu fara da kai."

Ni! A cikin dukan taron nan, ni!

Ban san lokacin da na juya ba. Mutumin da ba ya iya kunya ɗaya, sai ga shi yana gudu. Ban tsaya ba sai cikin masarata a bakin kanal. Na durƙusa, fitsari ya matsa mini, na yi, na ga ƙasa ta yi ja. Na zauna a wurin, ga rana tsaka.

A nan matata Saratu ta same ni. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dubi jan da ke ƙasa, ta dube ni, ta zauna a kan kunya.

Na ce, "Kin ga sandar?"

Ta ce, "Na gani."

Na ce, "Ba zan iya ba, Saratu. Ni na auna Baba."

Ta ce, "Maigida, ka ɗauka ban san abin da ke soke a zauren Yaya ba? Matarsa ta faɗa mini tana kuka. Awo dai za a auna ka. Abin da ya rage maka kawai, a tsaye ko a kwance."

Maganar ta dake ni a ƙirji. Na kifa goshina a ƙasa, cikin laka, na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba. Ban iya jera kalmomi masu kyau irin na Malam Dauda ba. Na ce, "Yesu, tsoro nake ji. Ina tsoron karan Barau, ina tsoron sandar matar nan, ina tsoron na gida da na bari. Kai ka yi ni dogo, kai ka san tsawona tun ba a haife ni ba. In mutuwa ce a jikin sandar nan, ka riga ni tsayawa a wurin. Ka kama hannuna, ni ba ni da ƙafa."

Ba zan ce muku tsoron ya tafi ba. Bai tafi ba. Amma na ji zan iya tashi da shi. Saratu ta ɗebo ruwa a butarta ta wanke mini goshi, muka komo.

Da muka iso, ba kowa a gaban sandar. Mutane sun koma nesa, suna leƙe daga inuwar bishiyoyi. Malam Dauda ya riga ya gaya wa Malama Rifkatu al'adarmu, na ga idonta ya yi ja. Ta ce, "Baba, ka gafarce ni, ban sani ba. Da ma'aunin nauyi muke yawo, amma hanyoyin ƙauye sun lalata shi. Sanda ce ba ta lalacewa. In kana so, sai in kintata da ido."

Na ce, "A'a, 'yata. Auna ni. Amma ki yi sauri."

Na cire takalmi, na juya baya, na jingina. Da itacen nan ya taɓa gadon bayana, sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Na rufe ido ina cewa Yesu, Yesu, Yesu. Ina jira in faɗi.

Sai na ji muryar Malam Sani daga nesa: "Kai, Dogo! Sandar ma ta gaza! Malama, sai dai ki hau turmi!"

Ashe kaina ya wuce ƙarshen sandar, ita kuma Malama tana ta ɗage a kan yatsun ƙafa ba ta kai ba. Wani ya tuntsire da dariya, wasu suka kama. Na buɗe ido. Ina tsaye! Ina numfashi! Malama ta ƙirga mini ƙwayoyi a tafin hannu, na sha kunu, na haɗiye su. Malam Sani ya tuɓe hularsa ya ce, "In ba ta ci Dogo ba, ni guntu me za ta samu a jikina?" Ya zo ya tsaya. A bayansa layi ya fara haɗuwa.

Amma gwajin bai ƙare ba. Kafin la'asar cikina ya murɗa, jiri ya kwashe ni, na yi ta amai. Malama ta riga ta faɗa mana haka na iya faruwa, amma wanda yake kwance yana ganin rufin ɗaki yana juyawa ba ya tuna bayani. Labari ya zaga cewa Dogo ya kwanta. Na ji mata sun fara taruwa a tsakar gida. Na ji muryar Barau a ƙofa yana tambaya, ƙasa-ƙasa, "Yana magana?" Na san abin da zai je ya ɗauko in an ce a'a.

Na tattara ɗan ƙarfin da ya rage mini na ce, "Yaya, ina jin ka!"

Saratu ta riƙe hannuna, Malam Dauda ya durƙusa a gefen tabarma yana addu'a, Malama Rifkatu kuma ta fasa bin motarsu, ta zauna tana ba ni ruwa kaɗan-kaɗan har jirin ya lafa.

Bayan 'yan makonni, wata safiya na zaga bayan gida, na duba, na sake dubawa. Fari! Fitsarina fari kamar na jariri! Tun ina saurayi rabona da ganin haka. Na tsaya a wurin ina kuka, babban mutum da ni. Halleluya! Daga baya mishan suka kai ni asibiti a Kano aka duba marata, aka ƙara mini maganin jini. An gaya mini ciwon ya bar tabo, kuma muddin ina shiga kanal zai iya dawowa. Shi ya sa yanzu da takalmin roba nake ban ruwa, kuma duk zuwan da suka yi, ni nake fara tsayawa a jikin sandar.

Da damina ta kusa, ranar da na yi huɗar gonata da hannuna, sai ga Barau ya shigo gidana da dogon karan nan. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye muku ba. Ya tsaya a tsakar gida, bai dube ni ba, ya miƙa wa Saratu ya ce, "Ungo, ki ƙara a wuta. Ya tsare mini wuri a zaure."

Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Ta karya shi a gwiwa, na ji ƙarar har cikin raina, ta tura a murhu. Da shi aka dafa tuwon ranar, kuma tare da Barau muka ci.

Yayana bai karɓi Yesu ba tukuna, bai kuma yarda an auna shi ba, ko da yake na san shi ma yana ganin jinin. Amma ya bar matarsa da 'ya'yansa sun je. Ina roƙonku ku sa shi a addu'a, domin yanzu ni ne nake jin tsoro saboda shi.

Na gode wa Ubangiji da ya aiko mana bayinsa har ƙauyen da mota ba ta son shiga. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da kake gudu kamar yadda na gudu cikin masara, kada ka jira sai tsoron ya ƙare. Kira Yesu, ka tashi da rawar jikinka, shi zai riƙe ka. Ni da aka ajiye wa kara, ga ni a gabanku a tsaye.

Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.