Rassan da Hilario Ya Raba Mana

Fada Anselmo, shugabar ƙungiyar manoman inabi Uwargida Pardini, 'yar'uwata Remedios matar marigayi Hilario, Noemi 'yarsa, jama'ar kwarin Navarro, sannunmu da wannan rashi. Ni ne Walter Haapala, mai gonar bayan coci.

Hilario Zamudio ya kasance gwanin aurar da inabi. Shekara talatin yana bin gonakinmu cikin hazon teku da 'yar wuƙarsa, ya tsaga gindi, ya ɗora reshe, ya ɗaure. Ya kasance mai tsiya, in ya ga aikina sai ya ce, "Tsoho, da haƙori ka yanka wannan?" Ya kasance mai kyauta, kuma kyautar ce ta ja masa.

Shekara tara ke nan da ya raba mana rassan wani iri mai nuna da wuri, kafin ruwan kaka ya ruɓar da 'ya'ya. Muka yi ta rububi, ba wanda ya ce a kai gwaji. Da ganye ya yi jawur, har hotuna muka ɗauka. Ashe cuta ce. Inabi ya ƙi zaƙi, giya ta fito salam, sai da aka tumɓuke eka ɗari biyu.

Nan muka tuna wanda ya ba mu. Muka daina gaishe shi a kanti. Noemi, kin san yadda muka bar muku benci guda ku kaɗai a coci. Shi kuwa ya bi gona gona yana taya mu tumɓuka, ba sannu ba madalla, har zuciyarsa ta tsaya a tsakiyar gonar wani.

Remedios, ki saurare ni. Rassan nan ni na ɓoyo su cikin akwati daga Faransa, na miƙa masa, na ce an gwada su. Da abin ya fashe na same shi na ce zan tona asirin kaina a gaban jama'a, ya ce, "Tsoho, ni an riga an tsane ni. Sai an tsani mutum biyu? Tafi gida." Na tafi. Daɗi ma na ji, kunyata ke nan.

Na gode da kuka zaɓe ni in yi jawabi a jana'izarsa, da kun sani da ba ku yi ba. Duk wanda ya hana su gaisuwa, ga Remedios nan zaune. Mai sauran tsana, ga ni tsaye.

Allah ya jiƙan Hilario, ya ba iyalinsa haƙuri, ya wanke sunansa a kwarin nan. Amin.