Kwanon Husaina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan zama, Mai Unguwa, limamanmu na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, iyayenmu maza da mata, matasan da suka cika bakin ƙofa, da maƙwabtanmu Kiristoci da nake hangowa can baya sun yi tsuru-tsuru, ina gaishe ku baki ɗaya. Sunana Ummukulsum, ma'aikaciyar jinya ce ni a asibitin koyarwa, kuma maƙwabciyar mamatan nan biyu. Na gode da aka ba mace damar magana, ko da yake sai da maza suka gaji tukuna.

Jama'a, ina bakin aiki aka shigo da gawarwakin waɗanda ƴan ta'adda suka tare a hanya. Na ɗaga mayafi, na ga Chike, mai shagon kayan gyaran mota na titin Gidan Zoo. Na ɗaga na kusa da shi, na ga Garba direba, wanda ya shekara da shekaru yana ɗauko masa kaya. Na ga gawa iri-iri a wannan aiki, amma ban taɓa ganin ta maƙwabtana ba sai ranar. Waɗanda suka tsira sun ce maharan kabbara suke yi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!

Kun san al'adarmu, gidan makoki ba ya ɗora tukunya. Matan layinmu muka dafa, muka nufi gidan Uzoamaka, matar Chike. Sai yayan mijinta, Onyekachi, wanda ya iso daga kudu a ranar, ya tare ƙofa ya ce, "Ku kuka kashe shi, yanzu kuma kun kawo abinci? Ku kwashe!" Wallahi na ji zafin maganar har cikin ƙashina. Muka juyo a kunyace, kwano ɗaya ma a bakin ƙofar aka manta shi.

Wannan magana ce ta tara mu yau, kuma an kawo shawara biyu. Duka biyun sun girgiza ni.

Ta farko, Malam Abdulmalik ya ce mu tashi a matsayinmu na Musulmi mu nemi gafarar iyalan Chike. Malam, na san zuciyarka fara ce, amma ina tambaya: gafarar me? Idan Musulmi ne suka kashe Chike, to wa ya kashe Garba? Garban da ba ya wuce sahun farko a masallacin layinmu? Za mu je mu ce wa marayunsa su ma su durƙusa su nemi afuwa, tunda su ma Musulmi ne? Mun la'anci wannan ta'asa jiya, muna la'antarta yau, za mu la'ance ta gobe, domin mu ma ƴan'uwanmu muke binnewa. Amma laifin da ban aikata ba, ban sa a aikata ba, ban yarda da shi ba, ba zan ɗauke shi a kaina ba. Addininmu ya koya mana cewa ba mai ɗaukar zunubin wani.

Ta biyu kuwa ta fi ɗaure mini kai. Baba Alhaji Lawan, mai gidan da Uzoamaka ke haya, ya ce tunda haka suke kallonmu, ta tattara ta bar masa gida, kuma daga yau kada a ƙara ba "irinsu" haya a unguwar nan. Na ji matasa suna tafi. Tafi! Baba, ka yi haƙuri, ƴarka ce ke magana. Mutum ɗaya ya faɗi magana, gawar ƙaninsa ba ta ko bar asibiti ba, shi ne za mu ɗora wa mace mai zaman makoki da ƴaƴanta? Abin da ya ƙona mana rai shi ne an yi mana kuɗin goro, to mu kuma me muke shirin yi yanzu?

Yanzu kuma, ga wannan kwano da ke hannuna. Shi ne wanda aka manta. Ku dubi gindinsa, akwai alamar jan farce, yadda kowace mace a layinmu ke yi wa kayanta don kada su ɓata a gidan taro. Wannan alamar ta Husaina ce, matar Garba. Tana cikin takaba, ba ta fita, amma daga abincin da aka kai mata ta ce da ni, "Yaya Ummu, ɗebar wa Uzo, na san ba ta sa komai a bakinta ba." Abincin da aka kora ke nan.

Uzoamaka ta ga kwanon, ta gane alamar. Shekarunta a cikinmu sun isa ta san ba a mayar da kwanon maƙwabci fanko. Yau da safe ta buga mini ƙofa, sanye da baƙaƙen kaya, ta cika shi da shinkafa, ta ce, "Anti Ummu, raka ni wajen Husaina. Yayan mijina bai san Garba ba, ni na san shi." Na raka ta. Suka zauna kan tabarma ɗaya suna kuka, ni da na je rarrashi na fi su.

Shugaba, idan an zo ɗaga hannu, duk wanda ya ga a kori Uzoamaka ya ɗaga nasa. Amma shi zai je ya gaya wa Husaina da bakinsa, ni dai ba zan kai wannan saƙo ba.

Allah Ya jiƙan Garba, Ya raya marayunsa. Allah Ya ba iyalan Chike juriyar wannan rashi, Ya sanyaya zuciyar Onyekachi. Allah Ya tona asirin azzalumai, Ya zaunar da unguwarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.