Ranar da na kira malamin ɗiyata

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna a gidajenku.

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in ɗauki bik in rubuta wannan. Matar fasto ta yi mani magana tun bara, ta sake yi bayan girbi, ni kuwa kullum sai in ce ta bari in ƙara tunani. Abin da ya riƙe ni shi ne, shaidun da nake ji a majami'a dukansu da warkewa suke ƙarewa. Tawa ba haka take ba. Ɗiyata har yau ba ta ji. Na ji tsoron in tsaya gaban jama'ar Allah in ce ya cece mu, ya zama na ƙara gishiri. Ga shi kuma a aji shida na bar lakwal, wato makarantar boko, rubutuna ba na shiga jarida ba ne. Na tambayi yarinyar ko ta yarda, ta ce in rubuta, amma kada in maishe ta abin tausayi. Zan yi iyakar ƙoƙarina.

Ita ce ƴar farina, kuma kun san yadda muke da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba. Ba na zama da ita mu yi hira ido cikin ido. In zan aike ta, sai in juya ina duban tukunya in ce, a je a ɗebo ruwa. Haka uwata ta yi mani, ban taɓa ganin aibunsa ba. Da aka yaye ta, uwata ta tafi da ita ƙauyenmu wajen Rumbu, shi ya sa uwata ce take kira Inna, ni kuma Yaya.

Can sanƙarau ya kama ta tana ƴar makaranta. Ta rayu, amma kunnen hagu ya mutu, na dama kuwa ƙara kawai yake kamawa, ba ya rarrabe magana. Da kanta ta koyi karanta leɓen mutane. In kana fuskantarta, akwai haske, ba za ka taɓa sanin tana da matsala ba. Da haka ta dawo wurinmu nan Dakoro ta yi kwaleji, ta yi lise, kullum a bencin gaba, har ta samu bak, takardar gama lise, ta tafi iniversite karatun noma. A can ba wanda ya sani. Ba a tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Sai shekarar korona ta zo. Aka rufe makarantu cikin tsakiyar bazara, aka sallamo ɗalibai gida.

Akwai malaminsu guda, wanda darasinsa ya fi nauyi a shekarar. Bai so karatu ya tsaya ba, sai ya buɗe masu gurup a salula. Ya rubuta cewa ba zai aiko bidiyo ba, domin da yawansu suna ƙauyukan da rezo, wato layin waya, ba ya da ƙarfi. Muryarsa zai riƙa ɗauka yana aiko masu, vokal, tunda ita ba ta da nauyin saukewa. A ƙarshen kowane darasi zai yi tambaya, kowa ya rubuto amsa. Ɗalibai suka yi ta sa mashi albarka.

Ni dai na ga yarinya tana zama gindin itacen bedi, ta danna salula a kunnen dama har kunnen ya yi ja. Sai ta aje, ta zuba wa bango ido. Abinci ya ragu a kwanonta. In ubanta ya tambaya, sai ta ce rezo ne. Na san ba rezo ba ne, amma ta ina zan fara? Ni da ba na tambayarta ko ya ta kwana.

Ana nan sai malamin ya rubuta cewa duk wanda ba ya aiko amsa za a ɗauka ba ya zuwa aji, kuma ba zai zauna jarrabawa ba. Shekara za ta tafi ke nan.

Ranar ce ta same ni ina tankaɗe, ta miƙo mani salular ta ce in saurara, in maimaita mata abin da yake faɗa, ita za ta karanta a bakina.

Muka shimfiɗa tabarma, gwiwa da gwiwa. Wayyo, ƴan'uwa, ban san abu ne mai wuya haka ba! Ina fara magana sai kaina ya sunkuya da kansa. Ta sa hannu ta ɗago haɓata.

"Yaya, ki dube ni. In kina yi wa tabarma magana, tabarma ce za ta ci jarrabawa."

Maigidana tela ne, kekensa na zaure. Ya leƙo ya gan mu, ya ce, "A'a, yau ga farfesa a gidana. A kawo mata kujera da alli mana." Ya yi dariya, amma bai iya tsayawa ba, shi ma kunyar ta kore shi. Bai yi lakwal ba ko kwana ɗaya, ba abin da zai iya yi mana.

A kan tabarmar nan na gane wani abu da ya tsinka mani zuciya. Duk shekarun da nake mata magana ina juya baya, ba ta ji ko ɗaya ba. Ƙannenta take kallo ta gane abin da na ce. Ni kuwa ina cewa a raina yarinyar nan miskila ce.

Karatun bai yiwu ba. Faransancin malam gudu yake, kalmominsa dogaye ne, in na kama kai sai wutsiya ta kuɓuce. A bayan muryarsa kana jin yara na kuka, zakara na cara, shi kuma yana ba da haƙuri. In tsayar, in koma baya, in sake saurara, in faɗi abin da na ji. Ta rubuta a kaye, littafinta na rubutu, ta duba, ba ma'ana. Sai tsoro ya kama ni: in fa ƙarya nake cusa mata? In ta je ta rubuta shirmen bakina a jarrabawa ta faɗi, wa ya kashe ta? Ko tuwo nake tuƙawa tunanin ke nan.

Mun yi kwanaki a haka. Wata rana ta rufe kayen a hankali ta ce in bari, ba laifina ba ne. Ta ce ta gama shawara, ba za ta koma ba. Za a ce wa mutane rezo ne ya hana ta, ta zauna zaure ta koyi ɗinki wurin ubanta.

Na ce ta rubuta wa malamin ta gaya mashi gaskiya. Ta ƙi. Ta ce in suka sani za su ce kurma ba ta zama injiniyar noma, ko su kore ta, ko su bar ta suna kallonta kamar mai bara. Na nace. Sai ta yi wata dariya wadda ba ta daɗi ba, ta tura mani salular.

"To ga lambarsa, kira shi da kanki. Mun fi ɗari a ajin. Zai ce wace ɗaliba, me za ki ce mashi? Yarinyar nan?"

Ta san ba zan iya ba. Ni ma na sani.

Lokacin an rufe majami'u, ba sujada, ba zumuntar mata, ba wanda zan je in yi wa kuka. Da tsakar rana na zaga bayan ɗaki inda awaki suke, na durƙusa a ƙasa mai zafi. Shekara da shekaru roƙona ɗaya ne, wanda ya buɗe kunnen kurma a dā ya buɗe na ɗiyata. Ran nan ko wannan ban iya roƙa ba. Na ce, Ubangiji Yesu, na ƙare. Ba ni da ilimi, ba ni da kowa a iniversite, ban san ko abin da nake shirin yi daidai ne ko tona asirinta ne ba. In zunubi ne ka hana ni. In ba zunubi ba ne ka buɗe mani baki.

Ban ji murya ba, ban ga wani haske ba, ba zan yi maku ƙarya ba. Na dai tashi na koma na ɗauki salular.

Ko a nan sai da na yi ta saƙe-saƙe. Watan azumi ne, malamin Musulmi ne, na ce kada in dame shi yana fama da ƙishi. Na ce watakila yana salla, watakila yana hutawa, watakila babban mutum ba ya ɗaukar lambar da bai sani ba. Sai bayan la'asar na danna. Yarinyar na zaune gabana ta harɗe hannu.

Ya ɗauka. Na fara da Faransancina na aji shida, ya watse mani tun a gaisuwa. Sai na ji ya ce, "Mama, yi Hausarki, ni ma da ita aka yaye ni." Na ce daga Dakoro nake, ina da ɗiya a ajinsa, ba ƙin amsa take yi ba, muryar ce ba ta ji.

"Wace ce ɗiyar taki, Mama?"

Na ji keken ɗinki ya tsaya a zaure. Idonta na kan bakina, ba ta ko ƙiftawa.

"Rahila," na ce.

Ba ta ji ba, amma ta gani. Ta tashi ta shige ɗaki.

Malamin ya yi salati ya ce, wadda ke zama gaba, gefen taga? Ya ce tun da ya fara koyar da su yake ba da misali da ita, yana cewa ba wanda ya kai ta kallon malami. Ya ce shi da ya zaɓi murya, a ganinsa taimako ya yi. Na fara ba shi haƙuri, ya ce ni ce za a ba haƙuri. Na tambaye shi abin da ya fi ci mani rai, ko za a kore ta. Ya ce shi bai san wata doka mai cewa haka ba, kuma maganar ba za ta fita daga bakinsa ba sai da yardarta.

Kada ku ɗauka abin ya gyaru nan take. Shi ma bai san yadda zai yi ba, kuma bai ɓoye ba. Ya ce bai iya rubutu da sauri a salula ba, da yatsa ɗaya yake yi, darussan nasa kuwa a kansa suke. Ya gwada ɗaukar fuskarsa a bidiyo don ta ga leɓensa, abin ya ƙi sauka a wurinmu. Ya gwada wani abu mai maida magana rubutu, ya fito da shirmen da ya fi nawa. Daga ƙarshe sai ya koma zama da takarda da bik, ya rubuta darasi da hannu, ya ɗauki hoto ya aika wa gurup ɗin gaba ɗaya, bai ambaci kowa ba.

Yana yin haka sai wani ɗalibi ya rubuta mashi cewa shi idonsa ne ba ya gani sosai, don Allah kada a daina muryar. Malam ya koma yin duka biyun, da azumi a bakinsa. Ya kuma ce duk mai wata matsala ya same shi shi kaɗai. Ashe akwai wani can wajen Azagor da sai ranar kasuwa yake hawa tudu ya samu rezo. Saboda shi aka ƙara kwanakin aiko amsa.

Ni kuwa a gida yarinyar ta ɗauke mani kai na ƴan kwanaki. Na ce shi ke nan, na ceci karatu na rasa ɗiya. Sai wata safiya ta zo ta tsuguna inda nake wanke-wanke, ta nuna mani hoton darasin ta ce, "Yaya, dubi hannun malam, kamar tsutsa ta yi maye. Gara bakinki." Muka yi dariya, ni har da hawaye.

Da aka buɗe makarantu ta zauna jarrabawar, ta ci, ta wuce aji na gaba. Yabo ga Ubangiji! Ban iya komai ba, ƴan'uwa, ko kalma ɗaya ta darasin nan ban gane ba har yau. Shi ne ya buɗe bakina, shi ne kuma ya tausasa zuciyar bawan Allah da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ina roƙonku ku sa malamin nan cikin addu'arku. Wanda duk yake inda nake ran nan, hannu biyu ba komai, kada ya jira sai ya ji ƙarfi kafin ya durƙusa. Ya dogara ga Yesu haka nan, da tsoronsa da komai.

Amma akwai abin da ya rage, shi ma yana cikin dalilin da ya sa na yarda na rubuta. Kunnen daman yana ƙara ja da baya. Ƙarar da take ji dā, ta mota ko ta rufe ƙofa, yanzu ta ce sai ta yi kusa sosai. Malamin ya ce ya ji akwai wata ƴar na'ura da ake maƙalawa a bayan kunne, amma bai san ko tana taimakon wanda sanƙarau ya taɓa ba, bai kuma so ya ba mu begen da ba shi da tabbas.

To ina tambayarku, ku da wannan takarda ke isa gare ku a Maradi da sauran ikkilisiyoyi. Ina ake auna kunnen babban mutum? Akwai wanda ya taɓa sa na'urar nan, ko ɗan'uwansa, bayan sanƙarau? Tana jure zafinmu? Ana samun batirinta a ƙasar nan? Wanda ya san wani abu ya aiko wa matar fastonmu na Dakoro, za ta isar mani. Ko da amsar ita ce ba ta aiki, don Allah ku faɗa mani haka. Zan iya ɗauka. Rashin sanin ne ke cin raina.