Jikana da bai ci sunana ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara wa muryarka albarka. Ni ne Malam Habu manomi daga Matameye. Da hannuna na rubuto, don na yi karatun yaƙi da jahilci bayan furfura ta fito.

Ɗana Sani ya samu ɗa namiji, jikana na fari. Na sa rai za a yi mini takwara, sai na ji an yi wa yaro huɗuba da sunan surukin Sani, Alhaji Idi. Raina ya ɓaci, na ce wa uwargida ba da ni za a yi suna ba. Ta ce, "Malam, da jinjiri kake fushi?"

Kullum bayan sallar asuba sai in zauna shiru kan buzuna, ina bin numfashina, ina kallon zuciyata kamar yadda manomi ke kallon hadari. In fushin ya taso, ba na korarsa, ba na binsa. Abin da na gani sai in rubuta a kayen makaranta, wato littafin rubutu. Rana ta huɗu na rubuta: "Tsoro nake ji a manta da ni." Ashe Sani bai yi mini laifi ba.

Ranar suna ni na riƙe ragon. Alhaji Idi ya ce, "Na kada ka, Malam Habu." Na ce, "Kai suna ka samu, ni hancina yaron ya ɗauko."

Masu sauraro, kafin ku yanke magana cikin fushi, ku zauna ku duba abin da ke ƙarƙashinsa. A gaida mini Alhaji Idi, babba da ƙarami.