Ntate Molupe da Waƙoƙin da Bai Gama Ɗauka Ba

Mai girma Morena, sarkin wannan yanki. Fada da dattawan coci. Malaman da suka hawo daga Maseru. 'Mè Malineo, matar marigayi, da 'ya'yanku Palesa da Tumelo. Jama'ar Mokhotlong, ina gaishe ku. An ce in yi magana a madadinmu duka, ni da na yi shekara talatin ina faɗa da Ntate Molupe Thamae kan ya zauna wuri ɗaya.

Ya kasance malamin makaranta mai albashi, ya ajiye alli, ya sayi doki da rikoda, ya shiga duwatsu neman tsofaffin waƙoƙinmu. Mu muka ce ya zautu.

Ya kasance mai naci. Da ya je wurin tsoho Ntate Khotso, makiyayin da ya fi kowa sanin waƙoƙin kiwo, tsohon ya kore shi: "Ka zo kwashe mana murya ka kai birni? Kama hanya!" Bai tafi ba. Ya zauna mako uku yana taya su askin tumaki, har tsohon ya gaji ya ce, "Kai, wannan aski ne ko yanka? Ajiye almakashin nan kafin ka ƙarar min da garke. Kunna abin naka." Waƙa arba'in ya samu a ranar.

Ya kasance namu ranar da muka fi bukata. Da aka ce ruwan dam zai cinye ƙauyuka biyar, shi ya bi gida gida yana rubuta sunan kowane kabari da wanda ke cikinsa. Da littafinsa muka kwashe iyayenmu zuwa tudu. Babu wanda aka bari a ƙarƙashin ruwa.

'Mè Malineo, kin sha sanyi ke kaɗai shekaru da yawa saboda mu. Mun sani, kuma mun ji kunya.

Amma ni yau na kasa zama a kujerar nan. A asibiti ya riƙe bargon da na yafa ya ce, "Ntate Sello, Nkhono Mapuleng, tsohuwar nan ta ƙauyen Ha Rantsi, ta ba ni rabin waƙoƙin niƙa. Ta ce in koma bayan girbi." Shekararta casa'in da huɗu. Ba ta san ya rasu ba, tana can tana jira. An gama girbi, kuma nan da mako biyu dusar ƙanƙara za ta rufe hanya.

Palesa, Tumelo, rikodar tana hannunku. Ina da dawakai biyu, gwiwoyina ne dai suka ƙi. Wa zai hau gobe?

Mun gode wa duk wanda ya taka zuwa nan. Allah ya gafarta wa Molupe, ya sanyaya zuciyar iyalinsa, ya kuma ara wa tsohuwar nan numfashi har mu isa ƙofarta. Amin.