Ranar da Na Cusa Kaina Cikin Akwatin Mesa

Mai girma shugaban wannan zama, shugabannin ƙungiyarmu ta masu kiwon macizai a gida, likitocin dabbobi da suka baro aikinsu suka zo, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa masu kiwo, da kuma baƙinmu da suka zo kallon ikon Allah suka zaɓi kujerun da ke kusa da ƙofa saboda tsaro, ina yi muku sallama irin ta mutunci, assalamu alaikum.

Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama, ko da yake har yanzu ina mamakin zaɓin. Ni ba likita ba ne, ba malami ba ne, kafinta ne ni. An ce in yi magana a kan shimfiɗar da ta dace a zuba wa maciji a akwatinsa, kuma abin da na sani a kai, ta hanyar ɓarna na san shi.

Yayana yana da wata ƙaramar mesa da yake kira Gimbiya, shekara goma sha ɗaya suna tare. Tun da matarsa ta rasu, ita ce abokiyar hirarsa. Da aka ce zai tafi jinyar ƙafa ta wata biyu, sai ya kawo mini ita da akwatinta na gilashi, ya ce, "Auta, ga amana. Ruwa, ɗumi, abinci ranar da na rubuta maka. Kada ka canja komai."

Na leƙa akwatin, me zan gani? Tsofaffin jaridu! Jama'a, raina ya ɓaci. A ce ƙanen mutum kafinta ne, amma dabbarsa tana kwana a kan labaran bara? Washegari na kwashe jaridun. Na shiga shago na zaɓo dusar wani katako mai jan ciki, mai ƙamshi, wanda muke yin durowar tufafi da shi don kada asu ya ci kaya. Na tankaɗe ta, na zuba mata lafiyayyen gado, na koma gefe ina yaba kaina.

Kwana tara, Gimbiya ta ƙi abinci. Ta koma cikin kwanon ruwanta ta naɗe, ta ɗaga kai sama, baki a buɗe, numfashinta yana fita da ɗan fito. Maiɗakina ce ta fara lura, duk da ko ɗakin ba ta son shiga. Ta ce, "Baban yara, wannan abar taka fa ba kwanciyar daɗi take yi ba. In ta mutu, da wane bakin za ka gaya wa Yaya?"

Na ɗauki akwati sai wurin likitar dabbobi. Ta duba bakin mesar, ta ciro ta, ta ɗebi dusar ta shinshina, sannan ta dube ni.

Ta ce, "Malam kafinta, me ya sa kuke yin durowa da wannan katako?"

Na ce, "Saboda yana korar ƙwari."

Ta ce, "To, me kake tsammani yake korarsu da shi? Sa kanka a ciki, in rufa maka tawul."

Wallahi na ɗauka wasa take yi. Na durƙusa, dattijo da ni, na cusa kai har hancina ya kusa taɓa dusar. Kafin minti biyu idona ya kawo ruwa, maƙogwarona ya kama ƙaiƙayi, na fito ina tari kamar wanda ya shaƙi hayaƙi. Ta ce, "Kai ka yi tari ka huta. Ita ba ta iya tari, kuma kwana tara hancinta yana nan."

Tun daga ranar tambaya ta kama ni, ta ƙi sakina. Shekara talatin ina aikin katako daga tsaye, ban taɓa tunanin yadda yake ga mai tafiya da ciki ba. Na yi ta tambaya, na yi ta gwaji da hancina, kuma ga abin da na samo.

Na farko, ƙamshi. Duk shimfiɗar da ta yi wa hancinka daɗi, ka yi shakkarta, domin man da ke cikin itacen ne kake ji, kuma shi ne yake ƙona huhun maciji. Balle sharar shago, wadda ta haɗu da gam da fenti, wannan kada ma ta kusanci akwati.

Na biyu, danshi. Ka tambayi kanka, daga wace irin ƙasa kakannin macijinka suka fito? Wanda asalinsa wuri mai laima ne, ɓawon kwakwa da aka farfasa yana riƙe masa danshi, ya yi saɓarsa ta fita gaba ɗaya kamar safa. Amma ka damƙa ka matse: in ruwa ya ɗiga, ya yi yawa, cikinsa zai yi gyambo.

Na uku, abin da zai bi abinci ya shige. Maciji ba ya da hannun da zai kakkaɓe ɓeransa. Yashi da tsakuwa suna manne wa abinci, su taru a ciki, su toshe shi.

Sai jaridar da na raina. Ba ta da kyan gani, amma ba ta ɓoye komai: kashi, ƙwari, jini, duk za ka gani da safe. Ashe Yaya ba rowa yake yi ba, karanta lafiyar Gimbiya yake yi a kan takardar. Abin da ban gano ba har yau, kuma ina roƙon likitoci su amsa mana, shi ne yadda mesar ta san ruwa ne kaɗai wurin da ƙamshin bai kai ba.

Gimbiya ta sha allurai, ta tashi, amma ɗan fiton nan bai bar numfashinta ba. Kafin Yaya ya dawo na mayar da jaridu yadda ya bar su, na ja bakina na yi shiru. Da ya ji fiton, sai ya shafa ta ya ce, "Laifina ne, Auta. Na tafi na bar ta, kewa ta kama ta." Shekara guda ke nan yana faɗin haka, ya ƙi komawa ganin likitan ƙafarsa don kada ya sake barinta, ni kuwa ina ji ina sunkuyar da kai. Kunya ta hana ni magana a ɗaki, shi ya sa na zaɓi inda ba zan iya janyewa ba.

Yaya, ga ka can a layi na uku da sandarka. Ba kewa ba ce, ba kuma tafiyarka ba ce. Ka ce kada in canja komai, na canja. Ka yafe mini, kuma ka koma asibiti ranar Litinin. Ni zan riƙe ta, a kan jarida.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na mutane da na dabbobi. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun da wuri, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.